Tambaya: ko za a iya mayar da tsohuwar Golf mai aiki da lantarki a gida?

Mazaunin Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Golf 3 mai giyar hannu wadda na gada daga wana, kuma watanni bakwai ke nan tana jingine a ƙofar gida, domin injinta yana shan baƙin mai yana hayaƙi, bakanike kuma ya ce sai dai a sauke shi a sa wani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce 1,000, sai na fara tunanin ko kuɗin sabon injin ya fi dacewa in zuba su a injin lantarki da batir. Zirga-zirgata ba ta wuce kilomita 30 a rana: in sauke yara a makaranta, in wuce wurin aiki a Bompai, in dawo. Ina da sola a gida, kuma ina ɗan taɓa aikin waya. Shin aikin zai yiwu a gida, kuma daga ina ya kamata in fara?

Injiniya daga Sharaɗa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zai yiwu, kuma an yi shi a ƙasar nan, domin Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas-bas masu shan fetur zuwa lantarki a Maiduguri, har sun yi jigilar fasinja. Sai dai shawarata ita ce ka fara da takarda da biro kafin ka taɓa sifana, domin batir ne yake yanke hukunci a wannan aiki, shi ne kuma zai cinye kaso mafi tsoka na kuɗinka.

Ƙaramar mota irin taka takan ci kimanin yunit 15 na wuta a kowace kilomita 100, yunit ɗin nan dai da kake gani a mitar gida. Ke nan tafiyarka ta kilomita 30 tana buƙatar yunit 4 da rabi, amma ba a auna batir daidai wa daida, saboda cunkoson titi da tsufan da batir yake yi, da kuma ranar da za a yi maka rasuwa a Wudil. Idan ka jera ƙwayoyin batirin litiyam nau'in LFP guda 45, kowace mai bolt 3.2 da amfiya 100, za ka sami bolt 144 da yunit 14.4, wanda zai kai ka kilomita 70 zuwa 80 ba tare da ka tatse shi ƙarƙaf ba.

Na san zuciyarka za ta raya maka ka yi amfani da manyan batiran inbata masu ruwa, tunda suna nan birjik a Sabon Gari. Kada ka soma. Guda ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200 yana kai kilo 60, kana buƙatar 12 kafin ka haɗa bolt 144, wato ka ɗora wa motar da nauyinta bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba kaya na kilo 700 da ɗoriya, alhali rabin wutar da ke cikinsu kaɗai za ka iya sha idan kana so su yi ƙarko.

Batun caji kuma, ko da kana layin wuta mafi tsada, wato Band A, da aka mayar naira 225 a kan yunit a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, wutar kilomita 100 ba za ta kai naira 3,500 ba, yayin da Golf ɗin take shan lita 8 ko fiye a wannan nisa. Amma duk ranar da ka kunna janareta domin ka yi caji, ka koma gidan jiya, fetur ɗin da ka guda shi kake ƙonawa a tsakar gida.

Bakanike a Ƙofar Ruwa:

Injiniya ya yi bayanin wuta, ni kuma bari in yi na ƙarfe, domin a nan ne aikin gida yakan cije. Ka yi sa'a da motar ta zama mai giyar hannu, saboda za a bar giyabos ɗin a inda yake a haɗa shi da injin lantarkin, sau da yawa ma a giya ta biyu ko ta uku za ka yini a cikin gari. Abin da ke haɗa su faranti ne na ƙarfe mai kauri da kuma mahaɗin sanda, kuma dole sandunan biyu su daidaita cif. Wannan ba aikin mai walda na bakin titi ba ne, sai wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, domin karkata kaɗan za ta jawo girgizar da za ta cinye boris ɗin giyabos cikin 'yan makonni.

Sauke inji da lagireto da salansa da tankin mai aikin yini guda ne. Abin da mutane suke mantawa shi ne injin fetur ba tayoyi kaɗai yake juyawa ba. Shi ne yake zuƙe iskar da ke sa birki ya yi laushi, saboda haka sai ka sa ƙaramin famfon zuƙar iska mai aiki da lantarki, in ba haka ba za ka taka birki a shataletalen Ɗangi ka ji shi kamar dutse. Haka famfon sitiyari idan taka tana da shi, haka kwamfiresan iyakwandishan, haka altanetar da take cika ƙaramin batirin fitilu da hon, kowanne sai an samar masa madadi. Sannan ka raba nauyin batiran tsakanin gaba da baya, ka ɗaure akwatinsu da jikin motar da noti masu ƙarfi, kada ka jibge su duka a but.

Gaskiya, Alhaji, idan rage kuɗin mai kaɗai kake nema, ka kwatanta da kuɗin sa injin na hannu a mayar da shi mai shan gas na CNG kafin ka yanke shawara. Idan kuma sha'awar aikin ce take jan ka, to bismillah.

Malamar kimiyya, Tarauni:

Ina so in ƙara abu biyu, ɗan'uwa. Na farko zafin Kano, wanda yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma zafi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Nissan Leaf ta farko da ta fito a 2010 da batir mai yunit 24 ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, shi ya sa batiranta suka riƙa saurin rauni a wurare masu zafi irin Arizona ta Amurka. Idan aka yi maka tallan batirinta na hannu, sai an auna abin da ya rage a cikinsa tukuna. LFP ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar kamawa da wuta, amma shi ma ba a haɗa shi ba tare da na'urar BMS mai lura da kowace ƙwaya ba.

Na biyu, bolt 144 yana kisa, kuma batir ba shi da makunnin da za a kashe shi daga ciki. Tunda akwai yara a gidan, ka yi aikin a wurin da ake kullewa, ka naɗe sifanunka da tef, ka cire agogo da zobe, ka sa fiyus da makatsin gaggawa kusa da hannun direba. Ka kuma toshe akwatin batirin yadda ƙurar hunturu da ruwan da ke kwanciya a tituna a watan Agusta ba za su shiga ba.

Mazaunin Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, idan na shimfiɗa faifan sola a rufin motar, ba zai riƙa cika batirin ba yayin da take ajiye a wurin aiki?

Injiniya daga Sharaɗa:

Zai taimaka, amma kaɗan. Rufin Golf ba zai ɗauki fiye da faifai ɗaya mai wat 300 zuwa 400 ba, wanda a ranar Kano zai ba ka yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato tafiyar kilomita 10 ko ɗan fiye, ga shi kuma sai ka bar motar a tsakiyar rana, abin da Malama ta ja kunnenka a kansa. Ya fi maka ka ƙara faifai huɗu irinsa a rufin gida. Matsalar ita ce motar tana Bompai a lokacin da rana take bugawa, saboda haka ko dai ka ƙara batirin gida da zai tara wutar har dare, ko ka nemi izinin yin caji a wurin aikinka. Kafin ka sauke injin kuma, ka je ofishin VIO ka ji yadda za a gyara takardun, tunda lambar tsohon injin ce a rubuce a cikinsu.