Me ya kashe shuɗin malam-buɗe-littafi a Birtaniya alhali furensa na nan?

Ɗalibin Halittu:
Assalamu alaikum, malamai. Ina neman haske a kan Phengaris arion, shuɗin malam-buɗe-littafin nan mai baƙaƙen ɗigo a fiffike, wanda ke zama a filayen ciyawa na Turai. Ya ƙare ƙaf a Birtaniya a 1979, alhali tayim ɗin daji, ɗan tsiron nan mai ƙamshi da yake saka ƙwai a kai, bai ɓace daga tuddan ba, har shinge aka yi wa wasu filayen don a kare shi. To me ya kashe shi?

Mai Ƙwari:
Wa alaikumus salam. Furen nan abincin mako uku ne kawai a rayuwarsa, sauran kusan wata goma a cikin ramin tururuwa yake yin su. Macen na saka ƙwai ɗai-ɗai a tohon furen tayim a watan Yuni zuwa Yuli. Cikin kwana biyar zuwa goma tsutsa ta fito, ta ci fure da iri, in ma ta tarar da 'yar'uwarta a kan fure ɗaya ta cinye ta. Bayan ta yi saɓa sau uku, sai ta faɗo ƙasa da yamma, har lokacin 'yar mitsitsiya ce, ta kwanta tana jiran jar tururuwa ta dangin Myrmica.

Idan tururuwar ta zo, takan lashi ruwa mai zaƙi da ke fitowa daga bayan tsutsar. Can sai tsutsar ta kumbura gabanta ta lanƙwashe, ga shi ƙamshin jikinta ya yi kama da na 'ya'yan gidan, sai tururuwar ta ɗauke ta zuwa rami a zaton ɗiyarsu ce ta ɓata. Shigar ta ke da wuya ta koma cin 'ya'yan masu gida. A nan take samun kusan kashi 98 cikin ɗari na nauyinta, a nan take wuce hunturu, ta dunƙule, sannan ta fito da fiffike a bazara mai zuwa, ta yi 'yan kwanaki ta mutu.

Abin da masanin ƙwari Jeremy Thomas ya gano a Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila, cikin shekarun 1970 shi ne, kowace Myrmica tana ɗaukar tsutsar, amma a gidan Myrmica sabuleti ne kaɗai take rayuwa da yawan da zai riƙe zuriya. A gidan 'yar'uwarta Myrmica scabrinodis akan gane ta baƙuwa ce, a kashe ta.

Uwar Fili:
Malam Mai Ƙwari ya kai mu bakin rami, bari in ƙarasa da ciyawa. Sabuleti tana son ƙasa mai ɗumi, kuma Ingila gefen arewa ce a gare ta. Can ba ta yin ƙarfi sai a gangaren da ke fuskantar kudu, inda aka kiwace ciyawa ta koma gajeriya ƙwarai, ƙasa da santimita 3 ko makamancin haka. Da ciyawar ta ƙara 'yan santimita, inuwa ta sanyaya ƙasa, sai scabrinodis ta karɓe wurin. Shi kuwa tayim yana jurewa shekaru bayan haka, shi ya sa ido ke ganin fili lafiya lau.

Abu biyu suka tsawaita ciyawar: manoma sun daina kai dabbobi gangaren da ba su da riba, sannan cutar myxomatosis ta shigo a 1953 ta karkashe zomayen da ke aske ta. Shingen da ka ambata, ɗalibi, an yi shi ne don a tare masu kama malam-buɗe-littafi suna tarawa, sai ya tare shanu da tumaki. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Ɗalibin Halittu:
Na gode, malama. Ke nan a sako dabbobi kawai, magana ta ƙare?

Uwar Fili:
Ina ma da sauƙi haka! Kiwon na da lokaci. A matsa shi a kaka da farkon bazara, a sare sarƙaƙƙiyar da ke mamaye gangaren, amma a janye dabbobi, musamman tumaki, lokacin da tayim ke fure, in ba haka ba su cinye furen har da ƙwan. Kuma tsiron sai ya kasance cikin kamar mita 2 daga ramin sabuleti, don iyakar yawon tururuwar ke nan. Kafin a kawo ko da tsutsa ɗaya, a ajiye ɗan abin zaƙi a gindin tayim wuri-wuri, a duba wace tururuwa ce ke zuwa.

Mai Ƙwari:
Akwai matsalar cunkoso ma. Tsutsa ɗaya na cin manyan 'ya'yan tururuwa sama da 200, saboda haka in uku ko huɗu suka faɗa gida ɗaya, sukan ƙarar da abincin su mutu gaba ɗaya. Gidan da ke da sarauniya ya fi haɗari, tururuwa ma'aikata sun fi kashe tsutsar a can. Don haka yawan gidajen ake so, a bazu ko'ina a filin.

Da wannan ilimin aka gyara filayen, sannan Thomas da abokin aikinsa David Simcox suka kawo iri daga tsibirin Öland na Suwidin a farkon shekarun 1980. Yanzu ana ganin sa a Collard Hill da ke Somerset da Daneway Banks da ke Gloucestershire. Sai dai kada a ɗauki ma'aunin santimita 3 a kai shi ko'ina: a kudancin Turai, inda rana ta fi zafi, sabuleti na zama cikin doguwar ciyawa, macen kuma takan saka ƙwanta a kan Origanum, wani tsiro mai ƙamshi ɗan dangin tayim, maimakon tayim ɗin.