Hankali zai iya yi wa kansa shaida?

Sagir:
Salamu alaikum. Ni ɗalibin lissafi ne, kuma tambayar nan ta hana ni sakat. In aka ce in kawo hujjar cewa hankali abin dogaro ne, da me zan kawo ta? Da hankalin dai. Ka ga mai ƙara ya zama shi ne shaida. In na jingina da wata hujja, ita ma sai an nemi tata, haka har abada. Ko kuwa in tsaya wani wuri in ce "haka abin yake", ba dalili. Ina mafita?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Malaman mandiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, suna kiran matsalarka ta farko daur, ta biyu tasalsul. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa irin wannan shakka. Ya ce ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro kamar dinari alhali ya fi duniya girma. Hankali ne ya ƙaryata ido. To wa ya ce babu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Kusan wata biyu ya yi a haka, kuma ya ce ba hujja ce ta fid da shi ba, haske ne Allah ya jefa masa a ƙirji.

Rabi:
Allah gafarta Malam, ni ina ganin an matsa wa hankali da yawa. Duk wanda ya tashi rushe shi, da shi yake rushewar. Kai ma Sagir, tambayarka hujja ce tsararriya, ka dogara da abin da kake tuhuma.

Sagir:
Gaskiya ne Malama Rabi, amma wannan ya nuna ba ma iya rabuwa da shi ne kawai, bai nuna yana faɗin gaskiya ba. Ga masanin lissafi Gödel ma, a 1931 ya tabbatar da cewa tsarin lissafi mai ƙarfi, in babu karo a cikinsa, ba zai iya tabbatar da rashin karon da kansa ba.

Rabi:
A bi Gödel a hankali dai. Maganarsa a kan tsararrun ƙa'idojin lissafi take, ba a kan duk tunanin ɗan Adam ba. Kuma ka lura, da wane makami ya gano wannan iyakar?