Dan Allah a ba ni shawara, dekin gidan mahaifinmu ya fara zubowa

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sani a taimaka min, kwana biyun nan ko barcin kirki ba na yi. Gidan mahaifinmu ne a Tudun Wadan Kaduna, Allah ya jiƙansa, ya gama shi a 1965 lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri, bene ne hawa ɗaya, samansa dekin ne ba kwano ba. Shi da bakinsa yake ba mu labarin yadda ya riƙa sayen siminti buhu biyu buhu uku duk ƙarshen wata har shekara uku kafin a kammala, tarazon falo har yau ko tsaga babu, ga irin bulon nan mai huda-huda a matakala da iska ke ratsawa, ko lokacin zafi gidan da sanyinsa. A nan aka haife mu mu tara, a nan aka yi masa wanka aka fita da shi, Hajiyarmu tana ciki har yanzu kuma ta ce ita ma daga nan za a ɗauke ta. To tun daminar bara saman ɗaki ɗaya ya fara zubo da ɓaraguzai, rodi ya fito duk ya yi ja, na kira birkilanmu ya shafe aka yi fenti, bana ga shi ya sake ɓallowa, wani gutsure kamar faranti ya faɗo kusa da gadon yara. Yayanmu ya ce a rushe a yi shaguna. Ni raina bai ba ni ba. Yaya zan yi?

Maman Sadik: Subhanallah. Kafin komai ku fitar da yaran daga ɗakin nan yau ɗin nan. Ba mu manta da makarantar da ta rufta a Jos a Yulin 2024 ba, rai 22.

Injiniya Kawo: Baban Ummi ba ka faɗa mana ko ruwa na kwanciya a saman ba, ba ka ce ko ginshiƙai ma sun tsage ba, kuma nan ne maganar take. Amma bari in gaya maka kai tsaye, aikin da aka yi maka bara ɓarnar kuɗi ce. Sabon kankare yana da wani sinadari mai kaifi irin na kanwa, shi ke hana rodin ciki tsatsa. Shekara da shekaru iska na cin wannan kaifin daga waje zuwa ciki, ranar da ta kai kan rodi kuma ga danshi, tsatsa ta kama. Ita kuma tsatsa kumbura take yi, ta ninka ƙarfen da ta ci, ita ke turo kankaren ya ɓalle. Ka shafa filasta a kan rodi mai tsatsa, kamar ka ɗaure gyambo da tsumma ne ba ka wanke ba.

Baban Ummi: Injiniya ba ɓarna ba ce, lokacin abin da nake da shi ke nan. Kuma birkilan nan mahaifinsa ne ya yi wa Baba aikin gidan tun farko, ya san gidan fiye da ni.

Injiniya Kawo: Sanin gida daban, sanin nauyin da dekin zai ɗauka daban. Ga yadda ake yi. A fara tokare wurin da katako ko ƙarfe. A bi saman da guduma ana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi ƙarar holoƙo a yi alama. A fasa har bayan rodin, ba fuskarsa kawai ba, a kankare tsatsar da buroshin ƙarfe sai ya yi fes, inda rodin ya sirance a ƙara sabo, sannan a cike da simintin gyara na musamman, ba kwaɓin yashi na filasta ba. Akwai wani ruwa da muke fesawa a sabon fashi, inda ya koma ruwan hoda kankaren na da rai, inda bai canja ba ya mutu, da shi ake gane zurfin ciwon. Duk wannan banza ne in ba a tsayar da yoyon sama ba. Ka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya hau ya gani da idonsa.

Ɗan Kakuri: Ni dai na daina yarda da masu zuwa dubawa. Namu gidan wani ya zo da hular kwano da takardu, ya karɓi kuɗin dubawa, ya kawo yaransa suka farfasa mana rabin silin, daga nan wayarsa ta daina shiga, wata bakwai muna kwana muna kallon rodi, ƙarshe ƙanwata ce ta sayar da sarƙarta muka rufe. Ka ɗora kwano a saman dekin kawai ruwa ya daina taɓa shi, magana ta ƙare.

Injiniya Kawo: Kwanon zai tare ruwa, ban musa ba, amma ba zai mayar da ƙarfen da tsatsa ta cinye ba.

Hajiya Uwani: Ni abin da ya tsaya min a rai maganar shagunan ce. An raba gadon ne ko ba a raba ba? Mu haka aka yi mana a Zariya, maza suka zauna su kaɗai suka yanke, mu mata sai ji muka yi ana fasa ɗakin da uwarmu ta yi shekara arba'in a ciki, har yau ban ƙara bin layin nan ba. Kar ka kashe kobo sai an zauna da kowa.

Abban Walid: Gaskiya yayanka ya fi ka hangen nesa. Otal ɗin Durbar na Kaduna da aka gina don bikin al'adu na FESTAC na 1977, ai a 2020 aka baje shi, balle gidan mutum ɗaya. Kuɗin gyaran nan zai yi maka rabin sabon gini.

Maman Sadik: Haba Abban Walid, sabon ginin yanzu da ake buga bulo barkatai a buhu ɗaya? Wannan ya yi shekara 60 a tsaye fa.

Baban Ummi: Hajiya gadon ba a raba ba, kuma ba na son tayar da wannan maganar Hajiyarmu na raye. Ruwa kam yana kwanciya, indararo biyu sun toshe tun da aka ɗora tankin ruwa a saman, amma tankin dole ne, famfo ba ya kawowa. Yaran na mayar da su falo.

Injiniya Kawo: Tanki? Lita nawa? Kowace lita kilo ɗaya ce, in mai lita 2,000 ne tan biyu ke zaune a kan rodin da tsatsa ta ci. Wannan ya kamata ka fara faɗa. Ka zubar da ruwan a sauke shi gobe.

Baban Ummi: Ba a kan ɗakin yake ba, ya fi kusa da matakala. Birkilan ya ce wurin da ƙwari. Zan dai sa a buɗe indararon ranar Asabar, sai in ga yadda ruwan gaba zai yi.

Ɗan Kakuri: Kafintan da ya yi mana kwano yana nan in kana so.

Hajiya Uwani: Baban Ummi ita Hajiyar taku a wane ɗaki take kwana, sama ko ƙasa?