Yarinya ta farka ba ta san ko ita wacece ba, ya zan yi labarin ya kamu?

Ƴar_Marusa:
Assalamu alaikum ƴan uwa marubuta. Wani labari nake rubutawa na matasa da zan riƙa sakewa a guruf ɗinmu na WhatsApp, yarinya ce ƴar aji shida na sakandare, ta yi hatsari a Napep wajen Ƙofar Ƙaura ta bugu a kai, ta farka a asibiti ba ta san sunanta ba ba ta gane kowa ba. Ƙanwata ta karanta ta ce wai irin na fim ne, ƙarshe a sake buge ta ta tuno komai. Don Allah haka na faruwa da gaske? Kuma mi zan ɓoye ma mai karatu?

Nas_Habu:
Wa'alaikissalam. Ƙanwarki ta yi gaskiya Hajiya, bugu na biyu ba ya dawo da komai sai dai ya ƙara ɓata ƙwaƙwalwar. Kuma wanda ya bugu a kai da wuya ya manta sunanshi, abin da ke ɓacewa yawanci shi ne hatsarin kanshi da abin da ya faru dab da shi, tsofaffin abubuwa na ƙuruciya su suka fi zama. Wani kuma sabon abu ne ba ya riƙewa, ki gaya mashi yanzu anjima ya sake tambaya. Akwai wani a Amurka, Henry Molaison, an yi mashi aikin ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, har ya mutu a 2008 ba ya iya adana sabon abu amma ya san ko shi waye, kuma da aka koya mashi zane ta madubi hannunshi ya riƙa gogewa alhali shi bai tuna ya taɓa yi ba. In kina so ta manta kanta gaba ɗaya to firgici mai tsanani ya fi kawo wannan, shi ma ba kasafai ba.

Badaure77:
Ni matsalata ba ta likitanci ba ce. A Katsina ɗiyar mutane ta ɓace a rasa mai gane ta? Haba. Kafin magariba an kai cigiya gidan rediyo, hotonta ya zagaye Facebook, mai unguwa ya ji, ga kayan makaranta a jikinta. Nan Daura ma ko baƙo ne ya zo ganin rijiyar Kusugu sai an san daga ina yake. Ki juya abin kawai, kowa ya santa, ita ce ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata, to wa ke mata ƙarya? Mamanta ta ce ita ta haife ta, Gwaggo ta ce riƙo ne, yayanta ya ɓoye wayarta wai ta fashe. Nan ne zan kasa ajiye labarin.

Maman_Ilham:
Kar ki manta kuma kafin a ce ƙwaƙwalwa sai wata tsohuwa a gidan ta ce iska ce ko sammu, a kira malam a yi ruƙiyya, a kawo rubutu da hayaƙi, in babu wannan ba gidan Hausawa ba ne. Zancen Nas ma ya yi, ki sa tana iya jan Tabaraka da ka ko hannunta ya iya kitso ita kuma ba ta san wa ya koya mata ba, gidan kuma babu mai kitso.

Ƴar_Marusa:
Kai kitson nan ya tada min tsikar jiki wallahi. Zan bar mata sunanta, in goge mata wata uku kafin hatsarin. Nas, irin wannan dawowa yake kaɗan kaɗan ko wani ɓangaren ya tafi ke nan?

Nas_Habu:
Kaɗan kaɗan, na nesa ke fara dawowa, amma mintocin hatsarin kansu sau da yawa ba su dawowa sam, sai ki nemo mata wanda ya gani da idonshi.