Wa ya taɓa komawa kan tsofaffin gem ɗin tsoro na PS1?

Dan_Kawo:
Salam 'yan uwa. Satin da ya wuce na je gidan tsohuwa ina kwashe tarkacen ɗakinmu na da, sai ga PlayStation ɗinmu ta farko, wato PS1, a cikin kwali, har da faifan Resident Evil 2 guda biyun nan, na Leon da na Claire. Injin dai ya mutu, sai na sa gem ɗin a waya da emuleta, manhajar da ke kwaikwayon injin, wai in ɗan tuna baya. Wallahi ƙarfe ɗayan dare, an ɗauke wuta, ina cikin ofishin 'yan sandan Raccoon City wannan abin mai dogon harshe ya gifta ta taga, ban san sanda na ajiye wayar na kunna tocila ba. Ni da 'ya'ya biyu fa! Gem ɗin 1998 ne, mutanen ciki kamar an sassaƙa su da icce, amma sababbin nan masu hoto kamar fim ba sa sa gabana faɗuwa haka. Meye sirrin, ko ni kaɗai ne?

Sadiq_TW:
Ba kai kaɗai ba ne malam. Ni a ganina talauci ne sirrin, gem ɗin talauta ka yake yi. Harsashi ƙirgagge, ganyen magani ƙirgagge, aljihu ma ƙirgagge, a na farkon na 1996 Chris kaya shida kawai yake iya ɗauka Jill takwas, sai ka tsaya kana lissafi kamar mai cefane ƙarshen wata, in ɗauki makulli ko in ɗauki bindiga. Uwa uba sebin, wato adana inda ka tsaya a gem ɗin, sai ka nemo tafireta kuma sai kana da ribon ɗin tawada, in ya ƙare shikenan. Mu a gidan gem na layinmu nan Tudun Wada memori kad, katin da ake sebin a kai, ɗaya ne na mai shago, gurbi 15 gare shi kuma 'yan ƙwallo sun cinye rabi, ga wuta da za a iya ɗaukewa kowane lokaci, to ka ga tsoro biyu kenan, na aljanun ciki da na asarar awa biyu da kuɗin tara da ka ɓoye.

Yar_Malali:
Ku kuna ta Resident Evil, ni Silent Hill ce ta hana ni barci. Yayana ne ke bugawa ni ina gefe da filo a fuska. Konami suka yi shi 1999, kuma hazon nan da ya rufe garin dabara ce, PS1 ba ta da ƙarfin zana abin da ke nesa sai suka lulluɓe shi da hazo, ƙarshe hazon ya zama shi ne gem ɗin. Harry yana neman 'yarsa Cheryl, ba ka ganin taku goma gabanka, sai dai rediyon aljihunsa ya fara shiiii ka san wani abu na kusa amma ba ka san ta ina ba. Sautin Akira Yamaoka, wanda ya haɗa kiɗan gem ɗin, kuwa kamar ana jan ƙarfe a garejin kanikawa. Har yau in hunturu ya kankama na fito da asuba, hazo ya rufe titi ba kowa sai fitilar Keke Napep can nesa, wallahi sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Engr_Barnawa:
Ku dai faɗi gaskiya, yarinta ce kawai. Lokacin ko labarin mai ƙafar jaki aka ba mu ba ma iya fita fitsari. Na gwada komawa bara, minti ashirin na kashe, mutum yana juyawa kamar tirela a Kasuwar Barci, kyamara a kafe wuri ɗaya kana harbin abin da ba ka gani. Resident Evil 2 ɗin da aka sabunta a 2019 ya fi komai, ku bari Mr. X, ƙaton dodon nan da ke farautar mutum, ya biyo ku kuna jin takun takalminsa a saman bene sannan ku zo mu yi magana.

Sadiq_TW:
Injiniya ai kyamarar da kake kuka da ita ita ce maganar. Kana jin nishin abu a lungu amma an hana ka leƙawa sai ka taka da ƙafarka. Hatta ƙofar nan da ke buɗewa a hankali cikin duhu, lodin faifai suke ɓoyewa, amma daƙiƙun nan kana addu'a kake. Na sabon yana da kyau ban musa ba, sai dai linzami na hannunka.

Dan_Kawo:
Injiniya in yarinta ce to ba ta sake ni ba har yau. Hajiya Yar_Malali kin sa na sauke Silent Hill, na kai makarantar firamaren nan jiniya ta fara kuka, madam ta farka ta ce in dai zan ci gaba da wannan abin to in koma falo. Ban koma ba, sai da rana zan ƙarasa.