Abin da aka tattauna kan hukuncin kotuna da dokokin luwaɗi

To jama'a ga abin da na tsinta a muhawarar da aka yi kan kotunan da ke soke dokokin hana luwaɗi.

1. Kusan kowa ya ce a fara karanta hukuncin kotunan kafin surutu. Kotun ƙolin Amurka ta soke dokar hana luwaɗi ta jihar Texas a 2003 kan sirrin mutum ne, maganar auren jinsi ɗaya sai 2015.

2. Indiya ta sassauta sashe na 377, wato dokarta ta hana luwaɗi, a 2018, Botswana ta soke tata a 2019 amma kotun Kenya ta ƙi a wannan shekarar, alhali duk gadon Turawan Ingila ne.

3. Nan aka rabu, wasu suka ce soke doka aikin majalisa ne ba alƙalai ba, addini ma ya hana, wasu suka ce tsarin mulki na kare kowa.

Dukan mutane a titi kuwa ba wanda ya goyi baya, wallahi wannan dukan ya fi damu na.