Likita ya ce in riƙa bin numfashina, amma ko minti biyu na kasa

'Yar Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ina aji biyu a jami'a. Tun ina firamare malamai ke kai ƙarata wurin Mama cewa ba na zama wuri ɗaya, a Islamiyya ma na sha bulala, ana karatu ni ina tsintar zaren tabarma. Bara yayata ta kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, suka yi min tambayoyi, har suka tambayi Mama yadda nake kafin in kai shekara 12, likita ya ce ADHD ce, wato matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya. Ya rubuta min magani, ya kuma ce kullum in zauna minti goma ina bin shiga da fitar numfashina, in hankali ya tafi in dawo da shi ba tare da zagin kaina ba. To ni da na zauna sai in tuna ban jiƙa wake ba, ga ƙarar janareton maƙwabta, kafin in ankara ina TikTok. Maganin kuma na daina. Jarrabawa ta matso.

Anti Unguwar Rimi: Tsaya tukuna ƙanwata, me ya sa kika daina maganin?

Baban Yara: Ɗiyata, ki bar wahalar da kanki. Wani Ba'amurke ne, Jon Kabat-Zinn, ya tsara darasin mako takwas na irin wannan bin numfashin a 1979. Mu da muke da khushu'i a salla sau biyar a rana me za mu koya a wurinsa? Ki miƙa wa mahaifiyarki wayar nan, shi ke nan.

Maman Biyu: Hmm, ni nawa yaron haka yake. Makarantarsu ba abin da suka iya sai ƙarin kuɗi kowane zango, ga littattafai dole a wurinsu za ka saya.

Ma'aikaciyar Jinya, Kawo: In methylphenidate aka ba ki, yakan rage cin abinci, yakan kuma hana barci in an sha shi da yamma. Ki koma ki faɗa wa likitan, ana gyara lokaci ko yawansa. Tunawa da waken kuma, ai nan ne aikin yake: kin lura hankali ya tafi, kin dawo da shi. Ki fara da minti biyu, ko ki yi shi a tafe kina lura da takunki. Amma ba ya maye gurbin magani.

Baban Yara: Ƙwaya dai ƙwaya ce. Mu da muka yi karatu da aci-bal-bal wa ya ba mu?

'Yar Tudun Wada: Baba, ina salla, a cikinta ma raka'a ke ɓace min. Wayar kuma duk handawut ɗinmu a WhatsApp ake turowa. Anti, ramewa na yi, har a unguwa aka fara cewa shaye-shaye nake. Ba zan koma Barnawa wani ya gan ni ba.

Maman Biyu: Nawa ne ma kuɗin ganin likitan a can?